Shekarar da Na Ɗora Kakanku a kan Amalanke

Na san kun ji labarin, ko da ba a gabana ba. An ce ubanku ya raina kyautar surukinsa, sannan ya ɗora shi a kan amalanken jaki a garin Konni, mutane suna kallo. Ba zan ce ƙarya aka yi mini ba, domin kusan duk abin da aka faɗa ya faru. Abin da ba a faɗa ba shi ne dalili. Tunda kakanku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma na ajiye aiki, ina ganin gara in rubuta muku shi da hannuna gwargwadon abin da na iya tunawa. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

A shekarar ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Illela, gaba da Tajaye. Ni ba likita ba ne, kun sani. Abin da na karanta a jami'a a Yamai ya shafi gudanar da ma'aikata ne, shi ya sa aka damƙa mini kula da kaya: magani, takardu, man mota, da motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya tilo da muke da ita. Abokan aiki suna yi mini dariya wai in na kulle buro, wato ofis, sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu. Gaskiya ne, wani lokacin ma sau uku. Direban motar wani Bazabarme ne mai suna Sumana, dogo, mai yawan ba'a, wanda ya fi ni sanin hanya ya kuma fi ni kwanciyar rai. Yawancin tafiyarsa zuwa babban asibitin Konni da almuru ne ko bayan magariba, domin sai an taso daga gona ake kawo marar lafiya. A lokacin kaka kuwa hanyar nan cike take da amalanken shanu da na jakai ɗauke da dammunan hatsi, babu mai fitila ko ɗaya. Ƙwayayen fitilar motarmu irin na da ne, masu siririn zare a cikin gilashi, haskensu ja-ja. Gargadar hanyar jar ƙasa kan tsinka zaren, sai motar ta fita da ido biyu ta dawo da ɗaya.

Kakanku Bagobiri ne, yana da shagon kayan mota a Konni tun kafin a haifi innarku. Ku kun san shi yana ɗaukar ku a cinya yana ba ku dabino. Ni ba haka na san shi ba. Shekara ashirin da ƴan kai ina auren ƴarsa, ban taɓa cin abinci inda yake ba, ban taɓa zama a tabarmarsa ba. Nakan tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa a bakin zaure in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ya ce a gaya wa Mushe kaza, ko da ina durƙushe a wurin. Mushe, daga Faransanci, shi ne yadda ake kiran ɗan boko irina a wajenmu. Wannan ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce ta surukai, kuma ina tsammanin dukanmu biyu muna jin daɗinta.

A daminar shekarar kakarku ta rasu. Bayan an yi addu'ar arba'in da ƴan kwanaki, kakanku yana zaune a ƙofar shago bayan magariba sai motarmu ta wuce da ido ɗaya. Da Sumana ya sauke marar lafiya ya dawo, kakanku ya tsayar da shi ya miƙa masa wani ɗan kwali mai sheƙi. Sumana ya kawo mini saƙon kamar yadda aka ba shi:

"Ka kai ma Mushe. Ka ce sadaka ce don Hajiya. Duk hanyar da anka haska da ita, Allah shi kai mata ladar."

Na buɗe kwalin a buro. Ƙwai biyu ne na sabon yayi da ake kira led, waɗanda a lokacin suka fara cika kasuwar Konni. Na jima ina juya ɗaya a hannuna. Babu gilashi, babu zare. Ƙarfe ne kamar ɗan yatsa, da wasu ɗige-ɗige rawaya kamar ƙwayar gero a manne a gefensa huɗu, da ɗan ƙaramin fanka a gindi. Na duba lambar gindin ta yi daidai da ta motarmu, Sumana ya ɗaura su. Da aka sallame magariba ya kunna. Ƴaƴana, na yi karatu, na zauna a birni, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Filin asibitin duk ya koma fari fat. Ganyen bedi, wato dogon yaro, na can ƙololuwa ana iya ƙirga shi, kajin da suka hau reshe suka fara motsi suna tsammanin gari ya waye. Matan da ke jinya suka fito da zannuwa a ka suna salati. Ni dai na tsaya ina kallon abin nan, ina tuna cewa daga ƙwayar gero takwas duk wannan haske yake fitowa. Na yi tasbihi. Na ce a raina Hajiya ta samu sadaka mai gudana.

Kwana biyu bayan haka aka tafi da wata mai naƙuda. Da Sumana ya dawo bai yi ba'a ba, abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Ya zauna a kan benci ya ce kafin garin Tsarnawa sun haɗu da amalanken shanu yana tahowa. Hasken ya bugi shanun a ido, suka rikice suka gitta a tsakiyar kwalta. Ya taka birki har ungozoma ta bugu da kujera. Allah ya tsare, tsakanin hancin motar da wuyan sa bai fi kamu uku ba.

"Mushe, mai amalanken bai zage ni ba," in ji Sumana. "Da ya zage ni da ya fi mini. Hannunsa na kan ido, ya ce, mi munka yi muku?"

Na ce, "To ba kod ka sa ba?" Kod shi ne ƙaramin haske da direba ke saukewa in wani na tahowa.

"Kod na sa. Wannan abu ba ya da kod. Kan itace nake gani da fuskokin mutane, ramin da ke gabana kuwa sai na faɗa shi."

Na yi kwana uku ina karatu a salula, ina rubutawa a littafi, ina sake karantawa don kada in zalunci kyautar mutum. Abin da na fahimta, in na fahimta daidai, shi ne wannan: madubin da ke cikin fitilar mota an ƙera shi ne ya karɓi haske daga wuri guda, daidai inda zaren tsohon ƙwai yake, ya tattara shi ya kwantar a kan hanya. In hasken ya fito daga wani wuri dabam, ko daga gefe huɗu a lokaci ɗaya, madubin sai ya watsa shi sama da ƙasa. Ido zai ga haske mai yawa, amma ba inda ake bukatarsa ba. Ban yarda da karatu kaɗai ba. Na sa Sumana ya tsayar da motar a wuri mai daidai, taki goma daga bangon ɗakin magani. Muka mayar da tsohon ƙwai a gefe ɗaya, muka rufe ɗayan da bargo. Hasken tsohon, duk da rauninsa, ya tsaya a bango da iyaka a sama, kamar ruwa a cikin randa: ƙasa haske, sama duhu. Na ja layin da gawayi. Da muka buɗe na kakanku, layin ya ɓace. Haske ya haura bango, ya haura rufi, ya tafi sama. Na maimaita gwajin sau huɗu, na juya ƙwan ta kowace fuska ko mu ne ba mu ɗaura shi daidai ba, Sumana yana cewa in na ƙara sau ɗaya batir zai mutu. Sakamakon bai canja ba.

Na cire su. Na mayar da tsofaffin, na naɗe na kakanku a kwalinsu na sa a aljihun tebur na kulle. Wannan shawarar har gobe ban yi nadamarta ba. Kuskurena shi ne shirun da na yi. Na ce wa kaina bari in samo masu kyau tukuna, watakila ba zai lura ba, watakila wata dabara za ta zo. Na kai maganar gaban kwamitin asibiti suka amince, na roƙi wani abokin karatuna a Yamai ya aiko mini da iri uku. Kowanne na kai shi gaban bangon nan. Ban kula da abin da aka rubuta a kwali ba, domin kowane kwali cewa yake shi ya fi. Na ɗora kowanne kusa da tsohon ƙwai in ga ko ɗigon haskensa ya zo daidai da tsayin zaren. Na bar shi a kunne daga magariba zuwa isha'i in ga ko zai yi ƙyafta ko ya dushe in ya ɗauki zafi. Ɗaya ne ya tsaya a kan layin gawayi: siriri, ɗigonsa a gefe biyu kawai, haskensa fari ba mai shuɗi-shuɗi ba. Ban ce shi ne mafi kyau a duniya ba. Na ce dai a cikin ukun da na gani, a motarmu, a bangonmu, shi ne ya yi.

Duk wannan ya ci kusan mako uku. Abin da ban sani ba, a makonnin nan kakanku ya mayar da zaman bayan magariba a ƙofar shago wajibi. Ya riga ya faɗa wa abokan zamansa cewa za su ga fitilar Hajiya. Motar ta wuce sau ɗaya da jan haske, ya ce watakila ba a ɗaura ba tukuna. Ta wuce na biyu, ta wuce na uku. Wani a majalisar ya ce ma'aikatan gwamnati ai haka suke, ana ba su suna sayarwa. Ranar Juma'a na je gaisuwa, na durƙusa a bakin zaure. Ya amsa sau ɗaya, ya ɗauki carbi. Washegari wata maƙwabciyarsa ta kawo wa innarku saƙo: in sadakar ba ta kai ba, a maido a ba wanda ke so.

Innarku ta same ni a tsakar gida, ba ta ɗaga murya ba.

"Mi ka yi da hitilar inna?"

Na yi mata bayanin madubi da zare da bango. Ta saurara har na gama. Na ce ko za ta je ta fahimtar da kakanku.

"Ni? Ni ɗiyar fari ce, ko sunana bai faɗi. Ta ina zan faro? Kai ka yi karatu, ka nemo hanya. Amma ka sani sunan uwata ke bisa abin nan, ba lambar mota ba."

Sumana ne ya nemo hanyar. Kun san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa: abin da ɗan cikinka ba zai iya faɗa maka ba, abokin wasa zai faɗa a tsakiyar kasuwa kuma dole ka yi dariya. Ya ce in bar shi da tsohon. Muka ɗaura na kakanku a hagu, sabon a dama, muka nemi izinin majo, shugaban asibitin, a ranar da babu marar lafiya mai tsanani, muka kama hanyar Konni da la'asar.

Mun tarar an fito daga sallar magariba, kakanku yana kan kujerarsa, abokansa huɗu ko biyar a tabarma. Na tuɓe takalmi na durƙusa can gefe. Sumana kuwa ya tafi kai tsaye.

"Bagobiri, bawana, ashe da ranka? Na zo ƙara. Ka ba ni hitila ta kusa sa in yanka ma mutane sa ba da bismilla ba."

"Kai tahi can," in ji kakanku. "Cin zogale ya kashe maka ido, ka zo kana laifin hitila. Wa ma ya ba Bazabarme mota? Jaki ya fi ƙarfinku."

Aka yi dariya. Sumana ya ba da labarin shanun Tsarnawa, yana kwaikwayon yadda suka gitta, yana ƙara gishiri. Aka sake dariya, kakanku ma ya murmusa. Na fara jin sanyi a raina. Amma da dariyar ta lafa sai fuskarsa ta koma yadda take.

"Wasa wasa ne," ya ce. "Hitilar nan ita ta fi duk wadda ke shagon ga haske, da hannuna na zaɓe ta. Ba Bazabarme na aike ma ba. In da magana, wanda anka aike ma shi faɗa."

Bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni. Na san in na yi shiru an gama: ko dai in mayar da ƙwayayen nan a mota in jira ranar da Allah ba zai tsare ba, ko in bar tsoho ya mutu yana ganin na wulaƙanta matarsa. Na kuma san in na fara bayanin madubi da zare, zai zama yaro ɗan lakwal, ɗan boko, yana koya wa mai fiye da shekara arba'in a sana'a sana'arsa a gaban abokansa. A bakin lungun da ke gefen shagon akwai wani mai amalanken jaki da ya sauke bulo yana shirin tafiya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, a gafarce ni. Ba ni da bakin yin bayani. In an yarda, a zauna bisa amalanken can kaɗan."

Wani daga cikin dattawan ya ce subhanallahi. Alhaji, mai shago, mai jikoki, a ce ya hau amalanke kamar ɗan ƙauye, kuma surukinsa ne ya ce. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji ƙarar kujera. Ya tashi, ya tattara babbar rigarsa, ya nufi amalanken. Na roƙi mai jakin da wani mutum su riƙe kan dabbar su juyar da shi gefe, na duba riƙon nasu sau biyu. Sumana ya ja motar baya cikin lungun kamar taki hamsin, ya fuskanto shi. Na rufe fitilar dama da bargo, Sumana ya kunna kod.

Hasken ya same shi gaba ɗaya. Farar rigarsa ta yi walƙiya, zanen Gobir da ke kumatunsa ya fito ɗaya-ɗaya, furfurar gemunsa kamar auduga. Ya yi ƙoƙari ya tsaya da idonsa a buɗe, na ga yana ƙoƙarin, domin mutum ne mai zuciya. Bai kai ƙirga biyar ba hannunsa ya tashi da kansa ya rufe fuska. Jakin ma, duk da an juyar da kansa, ya ja baya har amalanken ya girgiza. Na yi sauri na mayar da bargon a hagu na buɗe dama. Hasken ya sauka. Ya kwanta a ƙasan lungun kamar an shimfiɗa farin ƙyalle, kowane dutse da kowane rami a bayyane, ya hau ƙafafun jakin da tayar amalanken, ya tsaya a gwiwar kakanku. Daga nan zuwa sama duhu ne mai sauƙi. A hankali ya sauke hannunsa. Yana iya kallon motar, yana iya ganin Sumana a ciki. Ni da na yi gwajin nan sau da yawa a bango, sai a ranar na ga abin da layin gawayin yake nufi, da na gan shi a jikin mutum.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya ce, ba da ni ba, da Sumana:

"Kai Bazabarme. Mutum nawa kunka gamu da su da waccan?"

"Tafiya ɗaya ce, Alhaji. Mushe ya cire ta kafin mu sake hita."

"Ni kuwa na sayar da ita ga direbobin Tawa da na Dogon Dutsi." Ya miƙa hannu. "Ku taimake ni in sauka."

Bai koma kujera ba. Ya shiga shago ya sauko da duk kwalayen irin wancan daga kan kanta, ya tura su ƙarƙashin tebur. Na ji daga baya cewa ya bi direbobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya yana cewa su kawo motocinsu a gwada a bangon shagonsa, kuma har ya bar sana'a bai sake sayar da ƙwan fitila ba sai an haska shi a bangon nan. Wannan ji na yi, ban gani ba.

Abin da na gani shi ne abin da ya same ni. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ƙauyenmu, kuma amalanken kaɗai ya kai, fitilar ta tsaya a hanya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi wata guda ba ta cin tuwon gidana, tana cewa boko ya cire mini kunya. Akwai dangin innarku da har yau in na shiga taro sai su yi ƙasa da murya. Kakanku bai taɓa gyara labarin a bainar jama'a ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin gyarawa na nufin ya yi maganar surukinsa da bakinsa. Juma'ar da ta biyo na durƙusa a bakin zaure kamar kullum, ya amsa yana kallon wani wuri kamar kullum, sai dai ya amsa har ƙarshe, ya tambayi gida da aiki da gajiya. Ba mu sake magana kai tsaye ba har ya rasu. Ko da akwai wata hanya da ta fi wadda na bi, wadda ba za ta kai dattijo kan amalanke ba? Watakila akwai. Na nema a lokacin ban samu ba, ina nema har yanzu.

Amma a daren, kafin mu tashi, ina tsugune ina ɗaura ɗan'uwan sabon ƙwan a hagu don mu koma gida da ido biyu masu kyau, sai na ji takun kakanku a bayana. Ya tsaya kusa da Sumana. Ya ce a gaya wa Mushe ya faɗa wa kwamiti waɗannan biyun shi ya ɗauki nauyinsu, su ne sadakar, waɗancan a manta da su. Sumana ya ce, cikin wasa, ai waɗancan sun fi haske, ladar Hajiya za ta ragu. Kakanku bai yi dariya ba. Ya dubi hasken da ke kwance a ƙasan lungun ya ce:

"Shekara hamsin muna tare, Hajiya ba ta taɓa ɗaga ma kowa ido ba. Hitilarta ma ta sunkuyar da kai."